Albarushi Kafin Dalma

Hopetoun, watan Mayu

Zuwa ga Yayata Noeline,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki mai nawar ba da amsa. Yaya jiki, yaya gwiwar da aka yi wa aiki? Ina fata kin daina hawa tsani tsinkar tuffa, ko da yake na san ki da kunnen ƙashi a gaban likita. Yaya sanyin Launceston? Mu nan muna lafiya, sai dai ruwa ya ƙi sauka. Maƙwabta sun gaji da kallon sama, duk sun yi binnen alkamarsu sun zauna jira.

Kin tambayi lafiyar maigidana Athol, kuma na gane irin tambayar. Tun Kirsimeti da ya kira ki da sunan marigayiya Mama na san ba za ki bar maganar ta kwanta ba. To ga amsarki: cokalin katako ya zo gidana.

Na san ba ki taɓa sauraron surutunsa na bindiga ba, don haka bari in tuna miki. Bindigogin hannun nan biyu da nake kira Tagwaye kwaikwayon na zamanin kakanni ne. Kowace tana da ganga mai rami shida, kuma kowane rami sai an auna masa albarushi, a danna ƙwallon dalma a kai, a shafe bakin da kitsen rago, sannan a ɗora 'yar hular tagulla a baya wadda ke ba da wuta. Wanda hira ta ɗauke wa hankali ya danna dalma babu albarushi a ƙasa, ya ɗebo wa kansa aiki, don dalmar ba ta fita gaba, ba ta dawowa baya. A kulob ɗinsu na harbi, irin wannan mutumin ake rataya wa cokalin a wuya, ya saya wa kowa abin sha, ya kai shi gida ya rataye a kicin har ranar da wani zai yi irin kuskurensa. Athol ne ya sassaƙa cokalin da hannunsa shekarar da aka haifi ɗanmu Craig, kuma shi ne mai rataya wa mutane yana rera musu "albarushi kafin dalma" kamar malamin firamare. Cokalin bai taɓa kwana a gidan nan ba.

Farkon Afrilu ya shigo da shi a wuya yana dariya. Ya ce, "Glen, nemo ƙusa, yau gwani ya sha ƙasa." Na yi masa tsiya son raina. Lahadin da ta biyo Lindsay mai kantin taya ya yi kuskure, cokali ya koma can. Wata Lahadin ya dawo. Yanzu ya zauna, kuma Athol ya daina dariyar.

Wannan bai dame ni kamar ɗayan ba. Kin tuna yaƙin da na yi ta yi a kan wanke bindiga a kicina? Ruwan zafi da sabulu a inda nake wanke kwanuka, gida ya cika da warin baragurbi, sannan a shanya ƙarafa a cikin tandar gashi bayan na fitar da nama. Ya ce dattin albarushi laima yake ja, in aka bar shi ya kwana biyu tsatsa ta ci bindiga. Ko ranar bikin Craig sai da ya wanke su kafin ya sa kwat. To wata Lahadi ya dawo, ya ci abinci, ya zauna gaban talabijin, babu wari. Har na ji daɗi, Yaya, ki ji sakarcina. Ranar Alhamis ya buɗe akwatin ƙarfe ya tarar da tsatsa ja a cikin hancin Tagwaye, ya fito yana tambayata wa ya taɓa masa kaya.

Kin san doka. Likita ya rubuta layi ɗaya, 'yan sanda su zo su karɓe lasisi su kwashe Tagwaye. Tun da muka sayar da gona muka dawo cikin gari, Lahadin nan kaɗai ta rage masa. Ina jin tsoro ƙwarai, kuma ban san abin da zan yi ba. Kada ki gaya mini tukuna.

Ki gaishe da Wendy da yaranta. Ki riƙa shan maganinki.

Ƙanwarki,
Glenys


Hopetoun, watan Yuli

Yaya Noeline,

Ina gaishe ki da fatan sanyi bai hana ki fita coci ba. Na gode da safar ulu, Athol ya ƙwace min ita. An ɗan yi yayyafi, alkama ta tsiro a wahale.

Na ce kada ki gaya mini, kika cika shafi biyu. Wai in kwashe su in jefa a dam. Daga Launceston komai mai sauƙi ne. Na yi fushi da ke kwana da kwanaki, kuma har yanzu bai gama hucewa ba, amma ba ni da wanda zan rubuta wa sai ke.

Na bi shi filin harbi, abin da rabona da yi tun ina da kitso baƙi. Na yi musu kek mai kwakwa don kada a ce leƙen asiri na zo. Da safen ranar, mutumin nan ya tsaya a tsakiyar kicin bai san inda muke ajiye kofuna ba. Amma da ya tsaya a kan layin harbi, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan a miƙe, sai na ga mijina. Bayansa ya miƙe, hannunsa ko motsi. Farin hayaƙi ya kwanta a kan ciyawa saboda babu iska, kuma da ya washe, dalmarsa duk ta taru a wuri guda a tsakiyar allo, tafin hannu zai rufe ta.

Lindsay ya ce, "Athol, yau har da shugabar gida ka zo ta ƙirga maka ramuka?"

Athol ya ce, "A'a, na kawo ta ne ta ga yadda kake harbin ƙasa duk Lahadi. Me ƙasar nan ta yi maka ne, mutumina?"

Aka fashe da dariya. Rabon da in ji ya mayar da magana haka tun bara. Na juya na yi kamar ina gyara faranti don kada su ga idona.

Sai dai na lura da abin da ba a so in lura da shi. Kin san Bevan, abokinsa tun aji ɗaya, wanda matarsa Joyce ta rasu bara waccan. Shi ne mai kula da layi yanzu, shi ke ba da izinin harbi, shi ke duba bindigar kowa kafin a tashi. Duk lokacin da Athol zai ɗura, Bevan yana tsaye a kafaɗarsa wai hirar ƙwallo yake yi masa. In hannun Athol ya nufi dalma kafin albarushi, sai Bevan ya yi tari. Sauran kuma kowa ya duƙufa kan kayansa kamar bai ji ba.

Na same shi wajen tukunyar shayi. Ya ce, "Ina sa masa ido, Glenys. Amma ido biyu gare ni, ga layi cike da mutane."

Na ce, "Har zuwa yaushe?"

Ya ce, "Ke za ki faɗa. Ni ba zan iya ba. Shi ya fara sa min bindiga a hannu."

Na ce masa wato ni aka zaɓa in zama muguwar. Ya yi ta juya shayin da bai sa wa sukari ba.

Yanzu ki yi dariya: ni ke wanke Tagwaye. Ni da na yi rantsuwa ba zan taɓa su ba. In ya dawo ya kwanta barcin rana, sai in ɗauko makullin akwatin a cikin tsohon takalminsa na gona, wanda doka ta ce ko inda yake bai kamata in sani ba. In kwance su, in wanke, in shanya a tanda, in shafa mai, in mayar. Ashe duk shekarun da nake masifa idona yana koyo. In ya tashi ya ji warin a gida, sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka shi ya yi.

Mun ga likita a Horsham. Ta kira ciwon da sunansa, ciwon mantuwa, kuma ta ce gaba yake yi, ba ya dawowa. Ta hana shi tuƙi, Bevan ke zuwa ɗaukarsa yanzu. Sannan ta tambaya ko akwai bindiga a gida. Athol yana kallon wata mota ta taga. Na ce sai wasu tsofaffin kayan tarihi. Ta rubuta, ta wuce.

Ga dabarata, in kin ga dama ki kira ta wauta. In zafi ya shigo a Nuwamba za a hana kunna wuta a fili, kuma harbin albarushi yana tsayawa har sanyi ya fara dawowa, don tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonakin gundumar nan. In na lallaɓa muka kai lokacin, abin zai mutu da kansa. Kafin a sake buɗewa wataƙila ya manta da su, ba sai wani ya ƙwace masa ba. Watanni kaɗan nake roƙo.

Ki yi mana addu'a maimakon faɗa.

Taki,
Glenys


Hopetoun, watan Satumba

Yayata,

Ina fata kina lafiya. Na san Craig ya buga miki waya daga Perth, kuma na san ya ƙara gishiri. Ƙafata tana nan a jikina. Ɗinki ne kawai a ƙwauri, sai kunnen hagu da yake ta ƙara. Ban ɗauki wayarki ba don ba zan iya faɗa da baki ba. Ki yi haƙuri, ga yadda aka yi.

Athol yana da ganga ta uku, ta canji, wadda yakan ɗura ya ajiye a gefe don in ya gama da ta farko ya sauya. Ya daɗe bai yi amfani da ita ba, har na manta da ita. Lahadin nan ya ɗura ta, rami shida, da huluna a kai, ya naɗe ta a tsumma ya sa a ƙasan jakarsa. Da aka tashi Bevan ya duba Tagwaye ya ga babu komai a ciki. Bai zazzage jaka ba.

Da rana ya kwanta, na wanke Tagwaye, na mayar da su akwati, na fita bayan gida kwashe shanya. Ashe ya farka. Ya ji wari, ya ga buta da ɗumi, ya ɗauka yana tsakiyar aiki ne. Ya laluba jaka ya sami ganga ɗaya da ta rage, ya kai ta inda ya saba kai su tun muna amarya da ango: cikin tanda, can ƙasa ta baya. Ya koma ya kwanta.

Na shigo na kunna tanda na ƙure ta, don ƙafar rago da dankali zan gasa. Na tsaya a gefe ina feraye kabewa.

Ban ji ƙarar a matsayin ƙara ba, ji na yi kamar an mare ni da faranti. Gilashin tanda ya tarwatse. Dalma ɗaya ta shige ƙofar kabad daidai inda gwiwata take kafin in matsa ɗauko wuƙa. Sauran suka bi baya a cikin tandar. Na samu kaina a zaune a ƙasa, hayaƙi ya cika kicin, jini yana bin safata.

Sai ga Athol. Yaya, da kin gan shi. Bai ruɗe ba ko kaɗan. Ya kashe gas, ya buɗe taga, ya ɗauke ni cak ya kai ni baranda, ya ɗaure ƙafar da tawul, ya ce in danna nan kada in saki. Ya koma ya leƙa tanda ya dawo fuskarsa a murtuke.

Ya ce, "Wane sakarai ne ya bar ɗurarriyar ganga, har da hula a kai? Dokar kulob a fili take, ni na rubuta ta. Wanda ya fita daga fili da ƙarfe a ɗure ya gama harbi, ko ɗan'uwana ne. Ya kusa kashe min ke, Glen. Sai an gano shi."

Na ce, "Za a gano shi."

Bevan ya kai mu asibiti. A wajen ajiye motoci ya kifa kansa a kan sitiyari yana kuka, yana cewa jaka, jaka, me ya hana shi duba jaka. Ban lallashe shi ba, ba ni da ƙarfin. Da nas ta tambayi abin da ya faru, ina da ƙarya a shirye a bakina, cewa kwanon gilashi ne ya fashe. Na dubi Athol yana riƙe da jakata a kan cinyarsa, na tuna da cewa Lahadi mai zuwa akwai mutane a dama da hagunsa a kan layi. Na faɗa mata gaskiya duka, har da abin da na gaya wa likitar Horsham.

Washegari da safe na fito da sanda na tarar da shi a baranda. Bevan ya bar gangar a kan tebur, ta yi baƙi ƙirin. Athol yana juya ta a hannu. Duk kayansa yana buga musu ɗigo uku da ƙusa don kada su haɗu da na wani, kuma babban yatsansa yana kan ɗigon. Ya daɗe bai ɗago ba.

Ya ce, "Tawa ce."

Na ce, "Taka ce."

Ya dubi bandejin ƙafata. Ya ce, "To, doka doka ce." Da ya yi faɗa, ko ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

'Yar sandar da ta zo da hantsi yarinyar garin nan ce, mun san iyayenta. Ta cire hula a bakin ƙofa. Athol ya miƙa mata lasisinsa da kansa, sannan ya roƙe ta abu ɗaya, ta bar shi ya wanke su tukuna, don ba ya ba da bindiga da datti. A wanke suke tas, ni na wanke su ranar Lahadin, amma na bar shi. Ta zauna na zuba mata shayi, shi kuma ya dafa ruwa, ya kwance su, ya bi kowane rami da burushi a hankali. Da yake babu tanda, a kan shingen baranda ya shanya su a rana. Ya shafa mai, ya naɗe kowace a tsummanta, ya raka su har mota.

Watannin da na roƙa ban samu ba, kuma ni na miƙa Athol da bakina. Kada ki ce min na yi daidai. Na sani, kuma sanin bai rage min komai ba.

Ƙanwarki,
Glenys


Hopetoun, ƙarshen Nuwamba

Yaya Noeline,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Yaya gwiwa, yaya tuffa, sun yi fure da kyau bana? Ƙafata ta warke, kunnen ne ya ƙi. An fara girbi, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Craig ya zo ya sa mana sabuwar tanda mai lantarki ya koma. Na karɓi tayinki, ki zo bayan Kirsimeti, kuma kada ki ja lokaci in kina so Athol ya gane ki.

Ya yi ƙasa sosai tun Satumba. Likita ta ce haka ciwon yake, amma ni na san me yake riƙe da shi, na kuma san ranar da aka cire. Da farko Bevan yakan zo ya kai shi fili ya yi kallo kawai. Sai ya riƙa zagayawa yana neman jakarsa, yana tambayar wa ya ɗauka, har mutane suka kasa harbi. Muka daina. An hana wuta a makon jiya, fili ya rufe, daidai lokacin da na yi ta lissafi a kai.

Safiyar baranda ta goge masa gaba ɗaya. Bai san 'yar sanda ta zo ba. A wurinsa Tagwaye suna cikin akwati suna jiran dawowar sanyi, kuma ban gyara masa ba. Bevan ya zo zai mayar da cokalin kulob, Athol ya hana, wai mai shi zai zo ya karɓa. Yana nan a ƙusarsa.

Abin da bai manta ba shi ne ƙarar. Duk Lahadi da rana yakan tashi daga barci ya dafa ruwa a buta, ya tsaya gaban wurin wanke-wanke da hannayen riga a naɗe, ya rasa abin da ya zo yi. Sai idonsa ya faɗa kan ramin da ke ƙofar kabad, wanda na hana Craig toshewa ban san dalili ba. Ya sa yatsa a ciki ya tambaye ni ko an kama mutumin. Kullum nakan ce ana kan bincike.

Jiya na gaji, Yaya. Na ce masa an kama shi.

Ya ce, "Madalla. An karɓe bindigoginsa?"

Na ce an karɓe.

Ya gyaɗa kai. Ya tsaya yana kallon tururin buta. Can ya ce, "Tsoho ne?"

Na ce tsoho ne, kuma gwani ne a da.

Ya ce, "Allah sarki. To me zai riƙa yi ranar Lahadi?" Ya sauke hannayen rigarsa, ya ɓalla maɓalli ɗaya ya bar ɗayan. Ya ce, "Ki ce wa Bevan kada a yi masa dariya. Yana da mata?"

Na ce yana da ita.

Ya ce, "To da sauƙi. Ta riƙa zama da shi."

Na zuba ruwan butar na haɗa mana shayi, muka fita baranda muka zauna har rana ta yi sanyi.

Ki taho da rigar shan iska, zafin bana ba wasa. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenys